Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Ɗigo Biyu-Biyu a Ɗaki Mai Duhu

Makon jiya na tsaya a inda Farfesa ya miƙo min 'yar kwalba mai ruwan jinin wata majiyyaciya mai ciwon hanta, ya ce, "Ga amanarka." Ban gane ba sai da muka ɗiga shi kan ƙwayoyin halitta, na leƙa madubin ƙara girma. Cikin cibiyar kowace ƙwaya ga ɗige-ɗige suna ƙyalli, goma zuwa talatin, kamar an watsa tsaba. Garkuwar jikin matar ce ta juya tana kama furotin ɗinta na kanta, wanda ake kira Sp100. Yana zaune wuri ɗaya da PML, furotin ɗin da ƙwayar gadonsa ke kuromosom (ƙunshin DNA da ke cikin cibiyar ƙwaya) na 15, wadda idan ta haɗe da wata daga na 17 take haddasa wani nau'in sankarar jini.

Aikina shi ne in tsamo ƙwayar gadon Sp100, in ninka ta, in nuna mazauninta a kan kuromosom. Wasu sun riga sun tsamo ta tun 1990. Farfesa hannuna yake so ya gwada, kuma na san haka, na kuma ji haushi.

Ga yadda ake tsamowa: gutsattsarin DNA na ɗan'adam ne cushe cikin bairos mai suna lamda. Sai ka zuba su kan farantin bakteriya, ka shimfiɗa farar takarda ta kwafi furotin ɗin da bakteriyar ta ƙera daga gutsattsarin, ka jiƙa ta da ruwan jinin. Inda tabo ya fito, nan abinka yake.

Tabo kuwa ya fito, har guda bakwai! Na ruga ofis ina haki. Ya ɗaga takardar sama, ya daɗe yana dubawa.

"Ka tace jinin da bakteriya tukuna?"

"A'a, ranka ya daɗe."

"To, ai bakteriyar ka kamo."

Ashe jinin kowa na ɗauke da garkuwar da ke kama E. coli, wato bakteriyar da ke kan farantin. Wata biyu suka tafi a banza. Na koma na tace, na sake daga farko. Wannan karon tabo ɗaya tak ya tsaya, kuma shi ne na gaskiya.

Neman mazauni ya fi min daɗi. Na shafa wa gutsuren DNA ɗin rini mai ƙyalli, na zuba kan kuromosom da aka baza a gilashi, ya kwana. Washegari na kashe fitila. Cikin kuromosom 46, biyu kaɗai suka amsa, kowanne da ɗigo biyu manne da juna, can ƙarshen dogon hannun kuromosom na 2, wurin da ake kira 2q37. Hannuna na rawa har na kasa saita kyamara.

Farfesa ya leƙa, ya ce, "Ƙirga ƙwaya ashirin, sannan ka zo mu yi magana."

Abin da muka yi magana a kai, sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.