Yini guda a Hitoyoshi, garin shinkafa da koji

Asabar, cikin hunturu.

Bas muka hau daga birnin Kumamoto na ƙasar Japan da sassafe, domin jirgin ƙasan da ke bin gefen kogin Kuma ya daina aiki tun da ambaliyar watan Yulin 2020 ta kwashe gadoji. Malaminmu ne ya shirya tafiyar saboda mu ɗaliban sarrafa abinci mu ga yadda ake shochu na shinkafa, wato barasar gargajiya da aka san wannan yanki da ita. Tun jiya na tuna masa cewa ni Musulmi ne, ba na sha. Ya ce ya riga ya sanar da mutanen masana'antar da za mu ziyarta. Abu ɗaya kawai ya gargaɗe mu a kai: kada kowa ya karya kumallo da natto, waken soyan nan mai yauƙi, saboda ƙwayoyin da ke cikinsa suna ɓata koji, funfunar da ake yin shochu da ita.

Hitoyoshi a cikin kwari take, duwatsu sun kewaye ta, kuma mun tarar hazo ya rufe ta ruf. Kafin mu shiga masana'antar mun tsaya a wurin bautar Aoi Aso mai rufin ciyawa, wanda gwamnati ta sa cikin dukiyar ƙasa a 2008. Har can ruwan ambaliyar ya shiga. Mutanen garin suna maganar wannan rana kamar jiya ta faru.

Shugaban masu aikin, wanda suke kira toji, dattijo ne marar yawan magana. Ya sa muka wanke hannu, muka rufe kai, sannan ya buɗe mana wani ɗan ɗakin katako mai ɗumi. Nan ne zuciyar sana'ar. Ana turara shinkafa, a shanya ta ta huce, a barbaɗa mata irin koji, wata funfuna mai amfani. Kusan kwana biyu take yi tana bin ƙwayar shinkafa, kuma a wannan lokaci ba a barin ta ita kaɗai. Cikin dare ma sai an tashi an juya ta don kada zafi ya yi mata yawa. Dattijon ya cusa hannu cikin shinkafar, ya ɗan yi shiru, ya faɗi zafinta kafin ya duba ma'auni. Ya ɗebo kaɗan ya zuba mini a tafin hannu ya ce in tauna, babu barasa a ciki tukuna. Da farko ɗan zaƙi na ji, sai tsami ya biyo baya, mai kaifi. Farin koji ne, in ji shi, kuma wannan tsamin shi ke kare tsimin daga lalacewa a ƙasa mai ɗumi irin Kyushu, tsibirin kudancin Japan da muke ciki. Masu yin sake, wato giyar shinkafa, da miso, wato tsimammen waken soya, kuwa koji mai launin ruwan ɗorawa suke amfani da shi, mutanen tsibiran Okinawa kuma baƙin koji.

A aji na sha karanta cewa koji na mayar da sitaci sukari, yis kuma ya mayar da sukarin barasa. Amma ganin mutumin da ya tsufa yana kula da abin da ido bai gani ba, da fatar hannunsa da hancinsa, ya sa na girmama aikin fiye da yadda littafi ya sa ni. Ban yi mamaki ba da UNESCO ta sanya wannan ilimi na koji cikin gadon al'adun duniya a Disambar 2024.

Sauran matakan mun bi su da sauri: randunan ƙasa da aka binne har wuya, tsimin farko na kamar mako guda, na biyu na kamar mako biyu bayan an ƙara shinkafa da ruwa, sai tukunyar da ake dafa tsimin a kama tururinsa ya koma ruwa. Sau ɗaya ake yin haka, shi ya sa ƙanshin shinkafa ke tsira. Sunan Kuma shochu yana da kariyar doka tun 1995, ba a ba shi sai ga wanda aka yi a wannan kwari da shinkafa da ruwan yankin.

Da aka zo ɗanɗanawa, an kawo wata 'yar butar tangaran mai dogon baki da suke kira gara, da ƙananan kofuna da ba su wuce kurɓi ɗaya ba. A kan wuta ake ɗora butar kai tsaye. Abin yana da ƙarfi, kashi 25 cikin ɗari, don haka a hankali suke bi. Abokina ɗan Kagoshima, wanda a wurinsu da dankali ake yin shochu, ya kurɓa ya lumshe ido, ya ce kamar an buɗe tukunyar sabuwar shinkafa. Daga inda nake zaune ma ƙanshin na zuwa. Abokin nan nawa ne ya ba mu labarin kafintocin da suka yi aiki a wani wurin bauta a Isa, bayan duwatsun nan, a 1559. Sun rubuta a jikin katako cewa mai kula da wurin marowaci ne, ko sau ɗaya bai ba su shochu ba. Wannan ƙorafi shi ne rubutu mafi tsufa da aka samu ɗauke da sunan abin. Har dattijon sai da ya yi dariya.

Ni kuwa uwargidansa ce ta zo da kofi mai tururi ta ajiye a gabana. Ta ce, “Ɗana, wannan amazake ne. Shinkafa ce da koji da ruwa, babu komai bayan haka, sha hankalinka kwance.” Ta ƙara da cewa in kula idan zan saya a kanti, don akwai wanda ake yi da dusar sake, shi yana ɗauke da ɗan barasa. Wannan kulawa ta shiga raina sosai. Ba wanda ya matsa mini, ba wanda ya yi mini kallon baƙon da ya ƙi karɓar karamci.

Na yi bisimilla na kurɓa. Fari ne, mai kauri, da ɓarɓashin shinkafa da ke narkewa a harshe, an goga masa ɗanyar citta kaɗan. Zaƙinsa ya cika baki amma ba ya gundura, kuma ko ƙwayar sukari ba a sa ba. Nan take kunun zaƙin gida ya faɗo mini, yadda iyayenmu mata ke zuba busasshen dankali ko tsiron shinkafa a cikin gasara su bar shi ya kwana, da safe a tarar ya tsinke ya yi zaƙi. Aikin ɗaya ne, sitaci ne ke komawa sukari. Da na yi wa uwargidan bayani sai ta kira mijinta ya zo ya ji, ya yi ta tambayata game da gero, da tsawon lokacin da ake barin kunun, da yadda muke hana shi yin tsami a lokacin zafi.

Na yi sallar la'asar a wani ɗaki da suka share mini, sannan muka kama hanya. Na sayo ƙullin koji ruwan ɗorawa a shagon masu miso. Uwargidan ta ce in gauraya shi da dafaffiyar shinkafa mai ruwa-ruwa, in riƙe zafin tsakanin digiri 55 da 60 na kamar awa takwas, kada ya wuce haka. Gobe in Allah ya kai mu zan gwada a tukunyar lantarki, in ya yi kyau kuma in sake gwadawa da geron da Yaya ta aiko mini.