Tirelar dare zuwa Arewa, ko kwana 21 a ɗaki?

A ɗauka akwai wani saurayi ɗan dako a kasuwar Mile 12 da ke Legas, su takwas suke kwana a ɗaki ɗaya. Ɗaya daga cikinsu ya kwanta da zazzaɓi da amai, saurayin ya yi ta jinyarsa yana wanke masa kaya, sai gwaji ya nuna Ebola ce. Ma'aikatan lafiya suka rubuta sunan saurayin, suka ce kada ya je ko'ina sai bayan kwana 21. Ga shi kuma da daddare tirelar da ta sauke tumatir za ta juya Arewa, direban ɗan garinsu ne. Jikin saurayin garau. Ya hau ko ya zauna?

Kada a yi saurin ganin laifinsa. Mutum ne da sai ya fita yake samun na abinci. Kuma in ajali ne, wa ba ya so ya same shi a gaban mahaifiyarsa? Yana ma da hujja mai ƙarfi, domin mai Ebola ba ya yaɗa ta kafin alamu su bayyana. A daren nan ba zai shafa wa kowa ba.

Matsalar ita ce alamun suna iya fitowa kowace rana tsakanin kwana 2 zuwa 21. Tafiyar tirela daga Legas zuwa Kano takan wuce yini guda, mutane a cunkushe, ana shan ruwa a gora ɗaya. In ma ya isa lafiya, a gida ba mai auna zafin jikinsa. Ranar da zazzaɓi ya taso za a ce na cizon sauro ne, a kira mai kemis ya yi allura, uwa ta kwashe amai da hannunta. Cutar tana bin jini da amai da gudawa da gumi, gawa kuma ta fi mai rai haɗari, don haka masu wanka su ne na gaba. Shi kansa bai tsira ba: ya bar inda za a ɗaura masa ruwa tun ranar farko.

An taɓa ganin haka a nan Legas. Ranar 20 ga Yuli 2014 Patrick Sawyer ya sauka daga Laberiya da cutar, aka kai shi wani asibiti a Obalende. Ya matsa a sallame shi, Dakta Ameyo Adadevoh ta ƙi. Ta kamu, ta rasu ranar 19 ga Agusta. Wani kuma daga cikin waɗanda ake sa wa ido ya sulale zuwa Fatakwal, wani likita ya yi masa magani a ɓoye a otal. Shi ya warke, likitan ya mutu, cutar ta buɗe sabon reshe a can. Da aka gama ƙirga, mutum 20 suka kamu a Najeriya, 8 suka rasu, sai ranar 20 ga Oktoba Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ƙasar ta rabu da ita. Adadin ya tsaya a nan ne saboda an bi kusan mutum 900 gida-gida, kuma mafi yawansu sun zauna inda aka ce su zauna.

Musulmi ya san hukuncin tun kafin nan. Manzon Allah (SAW) ya ce in an ji annoba a wata ƙasa kada a shige ta, in kuma ta ɓarke ana ciki kada a fita don gudunta. Rabin farko kowa yana riƙe shi. Rabi na biyu ne mai ɗaci, domin yana neman mutum ya danne tsoronsa saboda waɗanda bai ma san su ba.

A ganina saurayin ya zauna. Amma ban yarda a ce masa "zauna" a watse a bar shi ba, wannan zalunci ne. Yunwa za ta fitar da shi kafin mako ya zagayo, kuma alhakin yana kan waɗanda suka bar shi. Shugabannin kasuwa da fadar Sarkin Hausawa su ne za su ɗauki nauyin: a yi karo-karo a haɗa abincin kwana 21, a ware masa ɗaki da bokiti da kwanonsa, a riƙe masa gurbin aikinsa. Mutum ɗaya tak yake kai abinci, ya ajiye a bakin ƙofa. A auna zafin jiki safe da yamma, in ya kai digiri 38 a kira ma'aikatan lafiya, kada a ɗora shi a babur ko motar haya. Don wanke ƙasa da bokiti, a zuba kofi ɗaya na ruwan bilic mai ƙarfin kashi 5 cikin ɗari a kofi tara na ruwa. Na wanke hannu kuwa, a ɗebi kofi ɗaya na wannan haɗin a ƙara masa wani kofi tara. A riƙa sabunta shi kullum, don in ya kwana ƙarfinsa yana raguwa.

Sannan a saka masa kati a waya. Ya kira mahaifiyarsa da bakinsa ya gaya mata dalilin da ya sa ba zai zo ba, da ranar da kwana 21 za su cika.