Abin da murɗin digiri 1.1 ya koya mini

Tun ina ajin farko a fiziks aka koya mini in ɗauki kowane elektron (ƙwayar da ke ɗauke da lantarki) da ke cikin ƙarfe tamkar shi kaɗai ne, ba ruwansa da 'yan'uwansa. Lissafi yana fita daidai, don haka ban taɓa tambayar dalili ba. Sai da malamina ya ɗora mini gabatar da batun murɗaɗɗen girafin a taron ƙara wa juna sani na sashenmu, sannan na gane ashe wannan ɗauka da sharaɗinta.

Girafin dai shimfiɗar kabon ce mai kaurin atom guda, wadda Geim da Novoselov suka ɓare da salatif a Manchester a 2004. Elektron a cikinta gudu yake kamar walƙiya, ba ya tsayawa bare ya kula da maƙwabci. A 2011 Bistritzer da MacDonald na Jami'ar Texas suka lissafa cewa in an ɗora shimfiɗa biyu aka murɗa ɗaya da kusan digiri 1.1, gudun nan zai kusan mutuwa.

A nan na daɗe. Na ninka gidan saurona, na karkata ɓangare ɗaya a gaban fitila, sai ga manyan zane-zane sun bayyana waɗanda babu su a kowane ɓangare shi kaɗai. Irin wannan zanen ne, mai faɗin nanomita 13 ko kusa da haka (nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita), ke tara elektron wuri guda. Da gudu ya ƙare, sai turereniyar da ke tsakaninsu ta karɓi ragama.

Abin da ɗakin gwajin Jarillo-Herrero a jami'ar MIT ta Amurka ya gani a 2018 har yau yana ba ni mamaki. A wani adadi na elektron, murɗaɗɗen girafin ya ƙi wuce da lantarki, alhali lissafin da na haddace cewa yake dole ya wuce. Aka ɗan taɓa boltej, sai ya koma mai wuce da lantarki ba tare da wata turjiya ba, a sanyin Kelvin 1.7, wato kusan digiri 271 ƙasa da sifili. Abu ɗaya, ba a ƙara masa sinadari ko ƙwaya ba.

Ranar gabatarwar wata ɗaliba ta tambaye ni abin da ke haɗa elektron bibbiyu a nan, tunda sai sun haɗu haka lantarki ke wucewa ba turjiya: girgizar atom ce ko turereniyar kanta. Na ce mata masana na kan jayayya a kai, muka cinye sauran lokacin taron a gaban allo muna gwada ƙarfin kowanne.