Gidaje huɗu, karaga ɗaya: yadda ake gadon sarautar Zazzau

A nan Kaduna, duk lokacin da hira ta faɗa kan sarautar Zazzau, sai ka ji wani ya ce ai karɓa-karɓa ake yi tsakanin gidaje huɗu. Rabin maganar gaskiya ce. Gidajen huɗu ne: Mallawa, Barebari, Katsinawa da Sulluɓawa. Amma wanda ya zauna ya ƙirga sarakunan zai ga babu wani layi da ake bi. Daga jihadi zuwa yau mutum 19 suka hau karagar. Barebari sun ba da 9, Mallawa 5, Katsinawa 4, Sulluɓawa kuwa 1 tak. Rabon da aka yi bi da bi ba ya fitowa haka.

Asalin gidajen yana wurin malaman da suka ci Zazzau. Malam Musa Bamalli ne ya karɓo tuta daga hannun Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Sarkin Haɓe na ƙarshe a birnin, Muhammadu Makau, ya fice da jama'arsa zuwa kudu, daga baya ƙanensa Abu Ja ya kafa garin Abuja a 1828, wanda yau ake kira Suleja. Shi ya sa har gobe sarkin can yake amsa sunan Sarkin Zazzau Suleja. Da Malam Musa ya rasu a 1821, ba ɗansa aka naɗa ba, abokin yaƙinsa Yamusa aka ba, Bafillacen da iyayensa suka fito daga Borno. Da shi ma ya rasu a 1834, sai aka ɗauko Abdulkarimu, mutumin Katsina. Cikin shekara talatin da 'yan kai, gida uku sun ɗanɗana mulki, kowanne kuma ya bar 'ya'ya masu ganin suna da haƙƙi. Na huɗun ya shigo daga baya ta hannun Abdussalami, kuma tun bayansa Sulluɓawa ba su sake komawa ba.

Me ya hana gida ɗaya ya riƙe? Sakkwato. A ƙarni na 19 manyan Zazzau kan ba da sunaye, amma Sarkin Musulmi ne mai tabbatarwa, Wazirin Sakkwato kuma shi ne ƙofar Zazzau, shi ke kawo saƙon naɗi, shi ke kawo na tuɓewa. An kuwa yi tuɓe-tuɓen. Sidi Abdulƙadir ɗan Malam Musa bai cika shekara ba aka sauke shi. Abdullahi ɗan Hammada an naɗa shi, an tuɓe, an maido shi, an sake tuɓewa, shi ya sa in ana ƙirgen zamunna ake samun 20, in ana ƙirgen mutane 19. Sambo na gidan Katsinawa ya rasa sarauta a lokacin da hare-haren Ningawa suka addabi ƙasar har bakin ganuwa. Muddin akwai wasu gidaje uku da ke jira a gefe, sarki mai ci ba ya ɗaga wa Sakkwato kafaɗa.

Ga abin da tsarin yake haifarwa a cikin gari, kuma nan ne rigimar take. Sabon sarki yana zuwa da nasa. Manyan sarautun 'ya'yan sarki, irin su Madaki, Wambai, Ɗangaladima, Iya da Magajin Gari, a da kowacce tana tafe da garuruwan da mai ita ke karɓar harajinsu. To sarki ba zai bar ɗan gidan abokin hamayya riƙe da dawaki da dukiya ba. Sai ya kwance rawunan wasu ya ɗaura wa 'ya'yansa da 'yan'uwansa, don in ya kau a samu nasa da ƙarfin neman gado. Gidan da aka kwance wa kuma ya koma jiran rana. Ga wata ƙa'ida da ta ƙara tsananta abin: a wancan zamani ɗan sarki ne ke neman sarauta, wato wanda mahaifinsa ya taɓa hawa. Gidan da ya daɗe a waje, 'ya'yan sarkinsa suka ƙare, ya kama hanyar fita daga lissafi ke nan.

Kwasau na gidan Barebari ya gaji mahaifinsa Yero kai tsaye a 1897, Turawa suka tuɓe shi a 1903 suka naɗa Aliyu Ɗan Sidi, Bamalle, mawaƙin nan mai kaifin alƙalami. Shi ma suka sauke shi a 1920 suka kai shi Lakwaja. Daga nan Barebari suka jera uku: Dallatu, Ibrahim ɗan Kwasau daga 1924, sai Ja'afaru Ɗan Isiyaku har 1959. Sunan Ja'afaru kansa shaida ne cewa tsohuwar ƙa'idar ta sassauta, domin Isiyaku bai yi sarki ba, jika ne ya hau. Sai Katsinawa suka jera biyu, Muhammadu Aminu daga 1959 zuwa 1975, da Shehu Idris jikan Sambo, wanda ya shekara 45. Mallawa dai shekara 100 cur suna kallo daga waje.

Yau matakan a bayyane suke. Masu zaɓen sarki biyar ne: Waziri, Fagaci, Makama Ƙarami, Limamin Juma'a da Limamin Kona. A lura, biyu daga cikinsu limamai ne, abin da ke tuna wa mutum cewa malamai suka kafa daular. Bayan jana'iza masu sha'awa daga gidajen kan miƙa takardunsu, masu zaɓe su zauna su tace, su aika sunaye, galibi uku, zuwa ga gwamnatin jiha ta hannun ma'aikatar da ke kula da masarautu. Jami'an tsaro su yi nasu binciken. Gwamna ya amince, a ba da takardar naɗi, sannan a sa ranar miƙa sanda. Inda ake yawan tuntuɓe shi ne ɗaukar jerin masu zaɓe a matsayin hukunci. Shawara ce. Kujerar da Wazirin Sakkwato ya zauna, Razdan, Baturen mulkin lardi, ya gada, ita ce gwamna ke kai yanzu.

An ga haka ƙarara a 2020. Shehu Idris ya rasu ranar 20 ga Satumba. Sunayen da suka fara yawo a gari su ne na Iyan Zazzau Bashir Aminu, Yarima Munir Ja'afaru da Turaki Aminu Shehu Idris, dukkansu 'ya'yan sarakuna uku na baya. Gwamnati ta soke zaman farko ta ce a sake. Ranar 7 ga Oktoba Gwamna Nasir El-Rufa'i ya amince da naɗin Magajin Gari Ahmad Nuhu Bamalli na gidan Mallawa, tsohon jakadan Najeriya a Tailan, wanda mahaifinsa ma Magajin Gari ne kuma tsohon ministan harkokin waje. Iya ya garzaya kotu yana ƙalubalantar naɗin, Allah ya yi masa rasuwa ranar 1 ga Janairun 2021.