Soket ɗin da ya mutu ba lallai shi ne mai laifin ba

Soket uku ne suka daina aiki lokaci ɗaya a gidanmu, biyu a falo ɗaya a ɗakin yara, amma fanka tana juyawa, kwan wuta yana ci, firij ma a kicin yana ta aikinsa. Toh daga nan na san ba ɗauke wuta aka yi ba, matsalar tana cikin gida.

Na fara da abubuwa masu sauƙi. Na ɗauki cajar da na tabbatar tana aiki na gwada a kowanne, dan wani lokacin fis ɗin cikin filogi ne ya ƙone mutum ya ɗora wa bango laifi. Shiru. Na je akwatin bireka na duba, babu wanda ya faɗi, duk da haka na sauke na soket ɗin har ƙasa na sake ɗagawa. Shiru dai.

Sai na ɗauko tasta. Irin soket ɗinmu mai rami uku, in kana fuskantarsa na sama shi ne at, wato wayar kariya, na dama laif mai kawo wuta, na hagu nutural mai mayar da ita, kuma ramukan ƙasa ba sa buɗewa sai an danna na saman. Na sa a dama ta kawo haske, na sa a hagu shi ma ta kawo haske, alhali nutural bai kamata ya kunna tasta ba sam. Nan ne mutane da yawa suke rikicewa su ce ai ga wuta nan har ta yi yawa, me ya hana abu ya kama? Abin da ke faruwa shi ne nutural ya katse a wani wuri, wutar tana shigowa ta laif ta bi ta cikin kayan da aka bari a jone, a wurinmu talabijin ce, ta fito ta nutural ta rasa hanyar komawa. Ina zare filogin talabijin hasken hagun ya ɗauke. Na aro mitar gwajin wuta wurin maƙwabci, tsakanin laif da at ta nuna ƙarfin wuta kusan bolt 230, tsakanin laif da nutural kuwa babu abin kirki. Tasta laif kawai take nuna maka, ba ta gaya maka ko hanyar komawa tana nan, shi ya sa ni yanzu ban yarda da ita ita kaɗai ba.

Kafin in taɓa noti ko ɗaya na kashe babban bireka, na mayar da canjoba, makunnin da ke sauya wuta tsakanin NEPA da janareta, tsakiya, na zare wayar janareta, na kuma gaya wa uwargida kar kowa ya matsa kusa da akwatin. Dan Allah kar a raina wannan, yaro zai iya tada janareta ba tare da ya san hannunka yana cikin bango ba, masu inbata kuma su kashe ta daban, dan ita ba ruwanta da an ɗauke NEPA. Sannan na sake gwadawa da mita na ga sifili tukunna.

Na buɗe ukun nan duk lafiyarsu ƙalau, wayoyi a ɗaure tsaf. Amma na lura kowanne waya bibbiyu ce ke shiga notinsa, wato mai wayarin ya ja layin ne daga wannan soket zuwa wancan kamar jerin raƙuma, in igiya ta tsinke a tsakiya duk na baya sun tsaya. Dan haka na bi layin baya na nemi soket na ƙarshe da yake aiki, wanda ke bayan kujera inda ake jona dutsen guga da hitar ruwa. Ina cire murfin warin ƙonannen roba ya bugi hancina. Notin nutural ya saki, baƙar waya ɗaya tana riƙe, ɗayar ta zame ta yi ƙurmus, robarta tana marmashewa a yatsa, bayan soket ɗin ya koma ruwan ƙasa. Shi yana aiki, amma ya yanke wa na gabansa.

Noti in ya saki wurin yakan yi zafi, zafin ya ƙara sassauta shi, haka har ya ci wayar. Kuma soket na 13A iyakarsa wajen wat 3000 ne, ka haɗa guga da hita a ekstenshan ɗaya ai ka kai shi maƙura.

Na yanke inda ya ƙone har na kai jan ƙarfe mai sheƙi, na fere, na sa sabon soket mai nauyi, ban yarda in mayar da tsohon ba. Wayarinmu tsohon launi ne, ja laif, baƙi nutural, kore at, sabon launi kuwa ruwan ƙasa ne laif, shuɗi nutural, kore da rawaya at, kuma na ɗauki hoto da waya kafin in kwance komai. Na ɗaure noti sosai na ja kowace waya na ji ba ta motsi, na rufe, na ɗaga bireka, duk huɗun suka kama.

Inda nake tsayawa kuwa a fili yake, in bireka tana faɗuwa da zarar an ɗaga ta, ko ƙunar ta shige cikin bututu inda ido ba ya gani, ko matsalar tana wurin mitar NEPA da wayar da ta sauko daga fal, wannan mai gyaran wuta nake kira. Hitar ma shi na sa ya ja mata layinta daban da waya mai kaurin 2.5 ta jan ƙarfe zalla.