Daga Lukla Zuwa Namche da Ƙafa

Alhamdu lillahi, mun sauko lafiya daga tsaunukan Himalaya na ƙasar Nepal. Daga garin Lukla muka bi kwarin kogin Dudh Koshi, muna tsallaka gadoji masu lilo, har garin Namche Bazaar da ke bisa tsayin mita 3,440 daga saman teku, inda matafiyi yake yada zango domin jikinsa ya saba da ƙarancin iskar shaƙa, don mai gaggawar hawa ciwon kai da amai ne suke saukar da shi. Waɗanda suka tsaya mini a rai su ne 'yan dako, masu goyon buhunan shinkafa da tukwanen gas da maɗauri a goshi zuwa ƙauyukan da mota ba ta zuwa. A ganina, ladan da ake biyansu bai kai wahalarsu ba.