Yadda nake renon monarda domin ƙudan zuma a Minisota

Monarda tsiro ne ɗan asalin Arewacin Amurka, mutanen nan suna ce masa bee balm. Dangin na'a-na'a ne da daɗɗoya, kuma da ka taɓa karansa za ka gane: kusurwa huɗu gare shi, ganyen kuma in ka murtsuka sai ƙamshi mai ɗan yaji ya hau maka yatsu. Na shuka shi a bayan gidanmu ne saboda wani babban ƙudan zuma mai gashi, mai tabon launin tsatsa a baya, wanda gwamnatin Amurka ta sa cikin jerin halittun da ke gab da ƙarewa a 2017. Jihar Minisota na cikin wuraren da ya rage, har ta ayyana shi ƙudan zuman jiha a 2019, kuma monarda na cikin furannin da yake nema.

Iri biyu na shuka. Akwai na daji, Monarda fistulosa, mai fure ruwan hoda da ya ja zuwa shunayya, wanda ke fitowa da kansa a filayen jihar nan. Akwai kuma ja, Monarda didyma, ɗan gabashin ƙasar, na sayi nau'in da ake kira Jacob Cline. Jan ya fi ɗaukar ido, amma bututun furensa dogo ne, ya fi dacewa da ƙaramin tsuntsun nan hummingbird mai tsayawa cak a iska yana zuƙar zaƙi. Cibiyar nazarin tsirrai ta Mt. Cuba da ke jihar Delaware ta gwada nau'o'in monarda 40 daga 2014 zuwa 2016, kuma Jacob Cline ne ya fi jan tsuntsun. Ƙudan zuma kuwa na dajin suke rububi. Daga tsakiyar Yuli zuwa Agusta, tun hantsi za ka ji gunjinsu a kansa, ga malam-buɗe-littafi iri-iri. Wanda fili ya yi masa kaɗan, ni dai na daji zan ce ya shuka.

Shukar ba ta da wuya. Yana son rana, aƙalla awa 6 a yini, da tazarar santimita 45 zuwa 60 tsakanin gindi da gindi. Jan yana son ƙasa mai laima, na dajin kuwa yana jure fari. Taki kaɗan ya isa. In ya yi yawa sai karan ya yi tsawo ya kwanta.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne farar fumfunar da ke hawa ganye a ƙarshen Yuli. Tana farawa daga ganyen ƙasa, kamar an barbaɗa gari, sannan ganyen ya yi rawaya ya zube, ya bar kara tsirara da fure a ka. Wata maƙwabciyata ta ba ni shawarar fesa magani. Na yi mata godiya, amma ban fesa ba, don lambun da aka yi domin ƙwari bai kamata a yi ta fesa masa magani ba, ko da an ce maganin na fumfuna ne kawai. Abin da na lura shi ne cutar ba ta kashe tsiron, muni kawai take jawo masa, kuma ƙudan zuma ba su fasa zuwa ba. Sai na koma ga rigakafi. A watan Mayu, in tsiro ya kai tsawon kamar taki ɗaya, nakan tsinke wajen kashi ɗaya cikin uku na karare don iska ta samu hanya. Ruwa kuma a gindi nake zubawa, da safe, ba na barin ƙasa ta bushe ƙayau, domin tsiron da ƙishi ya galabaita ya fi saurin kamuwa. A gabansa na shuka gajerun furanni da ke rufe ƙafafun da suka tsiraita. Cutar ba ta tafi gaba ɗaya ba, amma tana zuwa a makare, bayan fure ya gama aikinsa.

Sai yaɗuwa. Saiwarsa tana tafiya a ƙarƙashin ƙasa kusa da sama, tana tsiro a inda ba ka sa ta ba, tsakiyar gindin kuma ya mutu ya bar zobe. Duk bayan shekara 2 ko 3, da zarar ƙanƙarar da ta daskarar da ƙasa ta narke a Afrilu, nakan haƙe gindin da shebur, in yar da tsohuwar tsakiya, in mayar da gefuna masu ƙarfi. Ragowar maƙwabta nake rabawa.

A farkon Yuni nakan datse kan kararen gaba, su yi reshe su makara wajen fure, sai lokacin abincin ƙudan zuma ya ƙara tsawo.

Da kaka ba na share wurin. Ganyen da ya kamu da fumfuna kaɗai nake kwashewa in zuba a shara. Kararen kuwa suna nan tsaye cikin dusar ƙanƙara, tsuntsaye na cin irin da ke kansu. In hunturu ya wuce sai in yanke su, in bar tsawon santimita 30 zuwa 45, domin cikinsu rami ne, kuma akwai ƙananan ƙudan zuma marasa amya da ke saka ƙwai a ciki. Sabon ganye yakan rufe guntayen kafin ƙarshen Mayu.